WA ZAI YI JINYAR MAI JINYA? NASIHA GAME DA GAJIYAR MA'AIKATAN LAFIYA A LOKACIN ANNOBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani, Ya sanya dare sutura da barci hutawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Sau da yawa mun yi muku wa'azi a kan haƙƙin marar lafiya: a gaishe shi, a yi masa addu'a, a taimaka masa da kuɗin magani. A wannan karo muna so mu juya ga wanda ke tsaye a kan marar lafiyan, wato likita, da majo, da ma'aikaciyar jinya, da ungozoma, da mai sharar ɗaki, da direban motar ɗaukar marasa lafiya. Dukkanmu mun san ƙorafin da ake yi a kansu, cewa ba su da tausayi. Kaɗan daga cikinmu ne suka tsaya suka tambayi inda tausayin ya tafi.

TAMBAYAR DA TA KAWO WANNAN NASIHA

A cikin azumin shekarar 1441 ta Hijira, wanda ya zo daidai da watannin Afrilu da Mayu na 2020, wani bawan Allah da muka daɗe muna salla tare da shi, shugaban wani gidan likita ne, ya same mu a ƙofar gida bayan isha'i. A lokacin an rufe masallatai saboda cutar korona, ba a sake buɗe su ba sai ranar 13 ga watan Mayu. Ya zauna nesa da mu, da ƙyalle a bakinsa, ya yi shiru mai tsawo. Sa'an nan ya ce: "Allah gafarta Malam, ina jin zuciyata ta mutu. Jiya wani yaro ya cika a hannuna. Na ja zane na rufe masa fuska, na wanke hannu, na ce a shigo da na gaba. Uwarsa tana kuka, ni kuwa ban ji komai ba. A da in haka ta faru ba na iya cin abinci. Ko dai munafunci ne ya shige ni?"

Muka ce masa: "Majo, yaushe rabonka da barcin dare cikakke?" Ya yi lissafi ya ce ya fi mako uku. Muka tambaye shi su nawa ne a wurin aikin. Ya ce su huɗu ne, ɗaya ta kwanta ciwo, ɗaya an ɗauke shi zuwa wani wuri. Ya ƙara da cewa maƙwabtansa sun hana ƴaƴansu wasa da nasa, kuma a kasuwa an faɗa masa a fuska cewa su ne suka ƙirƙiro cutar don su ci kuɗin Turawa.

Mun ji kunya a wannan dare, domin kwanaki kaɗan kafin haka wani magidanci ya kawo mana ƙarar ma'aikatan wannan wuri, mu kuma har mun fara shirya wa'azi a kan ƙeƙashewar zuciyarsu, ba tare da mun ji ta bakinsu ba. Allah Ya yafe mana. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

MENE NE WANNAN GAJIYA?

Abin da ya samu wannan ɗan'uwa sananne ne a wajen masana lafiya. Tun a shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kansa, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani wurin shan magani na kyauta suke farawa da himma, amma bayan wani lokaci sai su zama kamar fitilar da manta ya ƙare. A 1992 aka fara kiran wani nau'insa da suna gajiyar tausayi, game da ma'aikatan jinya na sashen gaggawa. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da wahalar aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ambaci alamominsa guda 3: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta janye daga aikin har ya riƙa jin haushinsa, sa'an nan ingancin aikin nasa ya ragu.

Misalinsa a wajenmu shi ne rijiya a watan bazara. Idan aka yi ta jan ruwa tun asuba ba a tsaya ba, kafin azahar guga zai fara fitowa da laka. Ba mai hankalin da zai ce rijiyar ta yi rowa. Ana barinta ta kwana, da safe a tarar ta tara. Haka tausayin ɗan Adam yake. Wanda yake ganin ciwo da mutuwa kullum, ba barci, ba mai canjinsa, ba kayan aiki isassu, zuciyarsa takan rufe ƙofa don ta kare kanta. Abin da muke gani a fuskarsa muna kira taurin zuciya, sau da yawa lakar ƙasan rijiya ce.

Annobar korona ta fito da wannan a fili a duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya dubu 80 zuwa dubu 180 ne cutar ta kashe. A ƙasarmu Nijar, inda aka sanar da mutum na farko ranar 19 ga Maris 2020, Allah Ya sauƙaƙa mana ita idan aka kwatanta da wasu ƙasashe. Amma ma'aikatanmu sun sha nasu: sun yi azumi cikin rigunan kariya a tsakiyar zafin da ya haura awo 40, suna tsoron kai cutar ga iyalansu, jama'a kuma tana zarginsu. A watan Mayu na 2023 aka sanar da ƙarshen dokar gaggawa ta duniya a kan korona. To, mu annobarmu ba ta tsaya a kan korona ba. Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna sanƙarau na 1995 da 1996, muna ɗalibai a madarasa, lokacin da ake kwantar da mutane a ƙarƙashin itatuwa. A 2015 sanƙarau ya dawo, ya fi tsanani a Yamai, ya kama mutum wajen 8,500, ya kashe sama da 500. A 2018 zawo da amai ya shiga Madarunfa da Maraɗi, a 2021 ya sake dawowa har Damagaram da Tawa. Kowace damina kuma zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna cika ɗakunan yara. Duk wannan a ƙasar da likita ɗaya ke fuskantar mutum sama da dubu 20. Mutanen da suka tari waccan, su ne ke tarar wannan.

AMSAR SHARI'A GA MAI WANNAN TAMBAYA

Amsa ta farko ita ce labarin Hanzala (R.A.), ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (S.A.W.), kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito. Ya haɗu da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya shaida masa cewa yana ganin ya zama munafuki, saboda halin da zuciyarsa ke ciki a gaban Annabi ba shi ne halinta ba idan ya koma cikin iyali da dukiya. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, Annabi (S.A.W.) ya sanar da su cewa da za su dawwama a kan hali na farko, da mala'iku sun yi musafaha da su a kan hanyoyinsu, amma rayuwar mumini lokaci ce da lokaci. Ku lura, ya ƴan'uwa: munafuki ba ya zuwa da dare yana tuhumar zuciyarsa. Damuwar da ta kawo majo ƙofarmu ita ce shaidar cewa zuciyar tana da rai.

Amsa ta biyu: Allah bai ɗora wa mai magani alhakin warkarwa ba. A cikin Suratush Shu'ara, Annabi Ibrahim (A.S.) ya jingina warkarwa ga Ubangijinsa shi kaɗai. A cikin Suratu Ali Imrana an sanar da mu cewa ba ran da ke mutuwa sai da izinin Allah, a kan ajali rubutacce. Har ma mafificin halitta, wanda tausayinsa ga mutanensa ya kusa halaka shi saboda baƙin cikin ƙin imaninsu, Allah Ya lallashe shi a cikin Suratul Kahfi da Suratu Faɗir, Ya hana shi kashe kansa da takaici a kansu, Ya tuna masa a cikin Suratul Ƙasas cewa shiryarwa ba a hannunsa take ba. Idan an sauke wa Annabi nauyin sakamako, aka bar masa isar da saƙo, to an sauke wa likita nauyin rai, an bar masa kyautata aiki. Mai jinyar da ke ɗaukar kowace gawa a wuyansa ya ɗauki kayan da ba nasa ba, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar mana cewa Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Amsa ta uku: hutu haƙƙi ne. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi (R.A.) ya ziyarci Abud Darda'i (R.A.) ya tarar ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa da azumi da tsayuwar dare. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, kowa a ba shi nasa. Annabi (S.A.W.) ya gaskata Salmanu. Haka kuma ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Nana Zainabu ce (R.A.), tana riƙe ta idan ta gaji da salla. Ya yi umurni a kwance ta, ya ce mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Idan an kwance igiya a cikin salla, ina ga aikin da kuskure ɗaya a awon allura zai iya kashe rai?

DARAJAR WANNAN AIKI

Kada mai jinya ya raina matsayinsa. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Sayyidina Usmanu (R.A.) bai fita ba, domin yana jinyar matarsa Ruƙayya ɗiyar Annabi (S.A.W.). Manzon Allah ya ba shi lada da rabon wanda ya halarci Badar. A shekara ta 5, da aka raunata Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Handaƙ, an kwantar da shi a tantin Rufaida (R.A.), matar da ta keɓe kanta ga jinyar masu rauni, kuma tantin nata a cikin masallacin Madina yake. Ashe tun farko masallaci da ɗakin jinya maƙwabta ne. A shekara ta 18, annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham, ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), waɗanda suka zauna cikin jama'arsu ba su gudu ba. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa wanda annoba ta faɗa wa garinsa, ya zauna yana mai haƙuri da neman lada, yana sane da cewa ba abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta, yana da irin ladar shahidi. Wa ya fi cancantar wannan bushara irin wanda kowa ke gudu daga ɗaki shi kuwa yana shiga?

Malamanmu na Malikiyya sun san nauyin wannan aiki. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya lissafa jinyar marar lafiya cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a da jam'i. Don haka kada wani ya ga ma'aikacin lafiya ba ya cikin sahu ranar da yake bakin aiki ya soma zargin addininsa.

ABIN DA KE KANMU MU JAMA'A

Kula da marasa lafiya farilla ce ta kifaya. Ma'anarta, wajibi ne a kan garin baki ɗaya, wasu ƙalilan suka ɗauke mana. Idan suka faɗi, zunubin ya dawo kan kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke kira gare shi:

Na ɗaya, mu kai marar lafiya da wuri. Da yawa daga cikinmu sai mun gama da mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, yaro ya yi kwana biyar yana zazzaɓi har ya fara suma, sa'an nan mu ruga gidan likita da tsakar dare. Idan ya rasu mu ce sun kashe shi. Wannan zalunci ne biyu: ga yaron da ga wanda muka ɗora wa laifi.

Na biyu, mu kiyaye harshe. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Wanda ya tura saƙon waya yana cewa allurar rigakafi makirci ce, ko ma'aikata na sayar da jini, ba tare da hujja ba, ya san cewa za a tambaye shi. Mun ga amfanin rigakafi da idonmu: tun da aka fara allurar sanƙarau nau'in A a ƙasarmu a 2010, wannan nau'i da ya addabi iyayenmu ya kusa ɓacewa.

Na uku, mu rage cunkoso. Gaida marar lafiya sunna ce, amma sunnarta taƙaitawa. Mutum goma a kan gado ɗaya, kowa da tambayarsa, kowa yana so majo ya bar layi ya fara da nasa saboda sanayya, wannan ba zumunci ba ne. A lokacin annoba kuwa, addu'a daga gida ta wadatar.

Na huɗu, iyalan ma'aikaci da maƙwabtansa su bar shi ya yi barci. Wanda ya kwana a bakin aiki, kada a buga masa ƙofa da hantsi don ciwon da zai iya jira. Mijin ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ya ji tsoron Allah, kada ta dawo daga karɓar haihuwa har asuba ya tare ta da maganar tuwo. Annabi (S.A.W.) ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida.

Na biyar, masu hali su tuna da wannan ƙofa ta sadaka: ruwan sha mai sanyi a gidan likitan unguwa, abincin buɗe baki ga masu aikin dare a watan azumi, fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa, sabulu da safar hannu. Matasa masu lafiya su ba da jini, musamman a damina lokacin da yara ke buƙatarsa.

Na shida, mu yi godiya. Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Mukan koma gidan likita idan muna da ƙorafi. Mu nawa ne muka taɓa komawa da yaron da ya warke don wadda ta yi jinyarsa ta gan shi yana tafiya da ƙafarsa? Yaba kyauta tukuici.

Ga shugabanni da masu iko a kan wannan aiki, muna tunatar da su cewa kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwonsa. A biya haƙƙin ma'aikaci a kan lokaci, har da ƴan kwantaragi da masu aikin sa kai. A samar da kayan kariya kafin annoba ta iso. A tsara canjin aiki yadda wanda ya kwana zai samu ya huta. Ba a cewa mutum ya yi haƙuri alhali an riƙe abin da yake nasa.

GA MA'AIKATAN KANSU

Ya ku ƴan'uwanmu masu wannan aiki, ku sabunta niyya kowace safiya, domin albashi ba zai iya biyan abin da kuke gani ba, sai Allah. Ku karɓi hutunku idan ya zo, kada ku ji kunyarsa. Ku yi magana da junanku da waɗanda kuka amince da su, domin abin da aka binne a ciki shi ke cin jiki. Ku nisanci ƙwayoyin hana barci da na ƙara ƙarfi, kun fi mu sanin ƙarshensu. Idan barci ya ƙaurace, ko mugun mafarki ya yawaita, ko fushi ya kai ga iyali, ko kuma Shaiɗan ya fara raya wa mutum cewa mutuwa ta fi masa, to ya nemi likitan da ya san wannan fanni da gaggawa. Neman magani ba raunin imani ba ne, kuma mai ba wasu magani ya fi kowa cancantar sanin haka.

Sa'an nan muna faɗa muku gaskiya saboda ƙauna: gajiya uzuri ce wajen raguwar abin da zuciya ke ji, amma ba ta halatta zagin mai naƙuda, ko wulaƙanta talaka, ko karɓar abin da doka ba ta sa ba, ko sakaci da rai. Allah bai tambaye ku hawaye ba, amma zai tambaye ku amana. Idan zuciya ta kasa jin tausayi a yau, hannu ya yi aikin tausayi, baki ya yi shiru ko ya faɗi alheri. Wanda ya ji ya kai inda zai iya cutarwa, ya faɗa wa na gaba da shi, ya ja baya ya huta.

Shi wancan ɗan'uwa namu, bayan salla ƙarama an turo masa mataimaki, ya samu kwana goma a ƙauyensu. Bayan wasu watanni ya tare mu a bakin masallaci ya ce: "Malam, shekaranjiya na yi kuka a wurin aiki." Muka ce masa ya gode wa Allah.

Ya Allah, Ka yaye mana annoba da tsada da fitina, na fili da na ɓoye, a ƙasarmu da sauran ƙasashen Musulmi. Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya Allah, Ka ƙarfafa masu jinyarmu, Ka tsare su da iyalansu, Ka sanyaya zukatansu, Ka sanya wahalarsu a mizaninsu, Ka gafarta wa waɗanda suka rasu a bakin wannan aiki. Ka ba shugabanninmu ikon sauke amana, Ka sa mu zama masu jin magana su bi mafi kyawunta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.